Me ya sa ƙaramin yaro ke son yau ta yi kama da jiya? Tambayoyi da amsoshi ga iyaye

Waɗannan tambayoyi ne irin waɗanda iyaye da kakanni a ƙauyukan Kano da Jigawa ke yawan yi game da yara 'yan ƙasa da shekara 5: rigimar lokacin kwanciya, kukan rabuwa, yaye, da yadda yaro ke birkicewa idan al'amuran gida suka sauya.

Me ya sa yarona ke tayar da rigima idan aka sauya masa abin da ya saba, komai ƙanƙantarsa?

Domin da abin da ya saba yake gane inda rana ta dosa. Ke kin san yau Talata ce, kin san saura kwana nawa kasuwa ta ci, kin san in kin shiga maƙwabta za ki dawo. Ɗan shekara 2 bai san ko ɗaya ba. Ko "jiya" da "gobe" ma yakan kai shekara 4 ko 5 yana cakuɗa su. Abin da ya riƙe shi ne me ke bin me. In an yi kiran asuba, Baba zai yi gyaran murya ya ɗauki buta. In Inna ta hura wuta, koko ko ɗumame na tafe. In awaki sun shigo gida, magariba ta gabato. In aka wanke masa ƙafa aka saki gidan sauro, to barci ne.

Duk sanda abin da ya zata ya faru, sai hankalinsa ya ƙara kwanciya cewa gidan nan da mutanensa abin dogaro ne. In kuwa bai san abin da zai biyo baya ba, sai ya zauna cikin ɗar-ɗar: ya manne miki, ya ƙi wasa, abu kaɗan ya fashe da kuka. Ki lura da kyau, yaron da hankalinsa ke kwance shi ne mai sakin zanin uwarsa ya tafi tuwon ƙasa da 'yan'uwansa, kuma a wajen wannan wasan ne yake koyon magana da dabara da zama da mutane.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar da wani tsari na renon ƙananan yara, inda suka lissafa abubuwa 5 da yaro ke buƙata: lafiya, abinci mai gina jiki, tsaro da kariya, kulawar da ke amsa buƙatarsa a kan kari, da damar koyo tun da wuri. Biyun farko kan ci kuɗi. Sauran ukun galibi a cikin hidimar gida ta yau da gobe suke, wadda ko gidan da ba a ajiye buhu ba yana da ita.

Mu ba da agogo muke aiki ba. Sai mun tsara wa yaro lokaci kamar na 'yan boko?

A'a. Ba ruwan yaro da ƙarfe nawa. Salloli biyar sun riga sun yanka wa gidan Bahaushe yini, kuma yaro na jin kiran salla tun kafin ya iya zama. Har aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci lokuta 3 da yara za su nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Ke nan tun fil azal an san yaro na iya koyon cewa kowane lokaci da abin da ake yi a cikinsa.

Abin da ya kamata ki tsare shi ne jeri, da kuma mai yi. Ko tuwo ya makara, in dai an ci, an wanke hannu da baki, an yi fitsari, an yi addu'a, an kwanta, kamar yadda aka yi jiya, yaro bai yi asarar komai ba. Kuma ba dukan yini za ki ɗaure ba. Wurare uku sun wadatar: tashi da safe, cin abinci, da kwanciya. Tsakaninsu a bar shi ya sha iska.

Awa nawa ya kamata ya yi barci? Nawa sai ƙarfe sha ɗaya yana tsakar gida.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana buƙatar awa 14 zuwa 17 a yini da dare. Daga wata 4 zuwa 11, awa 12 zuwa 16. Ɗan shekara 1 zuwa 2, awa 11 zuwa 14. Ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Wannan lissafin har da barcin rana a ciki.

To yi lissafi. Gidan ƙauye da asuba yake tashi. Yaron da ya kwanta sha ɗaya, hayaniyar tsakar gida ta tashe shi ƙarfe shida, awa 7 ya samu. Washegari sai ki ga ya yini yana ƙananan koke-koke, yana cizon 'yan'uwansa, a ce ya cika fitina, alhali bashin barci ne ke cin sa. Abin mamakin shi ne yaron da ya gaji ainun ba ya nuna gajiya. Tsalle-tsalle yake ƙarawa, sai uwa ta ce ai ba ya jin barci.

Iyayenmu sun riga sun kafa mana mafarin. Da magariba ake kiran yara su shigo gida, kuma akwai hadisi a Buhari da Muslim da ya yi umarni da a tsare yara idan dare ya fara shiga. Daga nan sai ki ɗora: tuwo, wanke ƙafa, shafa mai in hunturu ne, tatsuniya ko 'yar hira, a tofa masa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a shafe shi, a saki gidan sauro. Ki yi haka a jere kullum, bayan isha'i kaɗan. Kwanakin farko zai yi gardama, daga baya jikinsa ne zai riƙa neman shimfiɗa da kansa. A bazara, lokacin da ɗaki ba ya shiguwa sai dare ya raba, a yi masa shimfiɗar a waje, amma da gidan sauronsa, kuma nesa da inda manya ke hira.

'Yata tatsuniya ɗaya take so kullum, kuma in na sauya ko kalma ɗaya sai ta ce ba haka ba ne. Lafiya kuwa?

Lafiya lau. Daɗin da take ji shi ne ta san abin da Gizo zai yi kafin ya yi. Ta san in kin ce "ga ta nan, ga ta nanku" ita ce za ta amsa, ta kuma san inda ƙurunƙus zai faɗo. A duniyar da kusan komai manya ke yanke mata, ga abu ɗaya da ta fi ki riƙewa. Da maimaicin ne kuma kalmomi ke zama a bakinta. Haka batun ƙoƙon da ba ta shan kunu sai a cikinsa, ko tsohon zanin da ba ta barci sai ta riƙe. A bar mata, a dai riƙa wankewa.

Ba an ce sabo turken wawa ba? Kada mu shagwaɓa shi.

Wannan tambayar daga bakin kakanni maza da iyaye maza ta fi fitowa, kuma da gaskiyarsu ta wani ɓangare. Akwai sabon da ke ɓata yaro: wanda duk ya yi birgima a ba shi alewa, ko a miƙa masa waya. Wannan yaro ne ke juya gida.

Tsarin gida kishiyar haka ne. Manya ne suka yanke cewa bayan tuwo sai wanke hannu, bayan addu'a sai kwanciya, kuma kuka ba ya sauya shi. A ganina gidan da ke da tsari ya fi ƙarancin duka da tsawa, don ba kullum ake sabon ciniki da yaro ba. Dubi yadda Annabi (SAW) ya koya wa yaron da ke hannunsa, Umar ɗan Abu Salama, cin abinci: ya ce ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Abu uku ne gajeru, waɗanda ake maimaitawa a kowane ci har su zama jiki.

In zan fita unguwa sai na sulale, don in ya gan ni ihu zai yi. Laifi ne?

Ba laifi ba ne, amma yana ƙara miki aiki. Ƙyuya kan fara ne wajen wata 6 zuwa 8, ta yi tsanani bayan shekara 1, sannan ta riƙa raguwa wajen shekara 2 zuwa 3. Alama ce ta cewa ya bambance nasa da baƙo. In kika sulale, abin da ya koya shi ne Inna na iya ɓacewa a kowane lokaci ba sallama. Daga nan ko banɗaki kika nufa sai ya bi ki.

Ki gaya masa, a taƙaice, da ma'aunin da ya sani: "Zan je barka gidan Gwaggo. Ka zauna wajen Iya. In an kira la'asar zan dawo." Zai yi kuka. Ki tafi, kada ki yi ta komowa kina lallashi. Sannan ki dawo da la'asar ɗin. Bayan 'yan lokuta zai gane maganarki ba ta tashi.

Abu biyu da muka mayar ba komai ba, alhali suna rushe wannan: alƙawarin ƙarya, irin "yi shiru, yanzu zan sayo maka ƙosai", da tsoratarwa da dodo ko mai allura. Na farko yana koya masa maganar manya iska ce. Na biyu kuma ranar rigakafi za ki ga sakamakonsa.

Da damina da kaka komai na gidanmu rikicewa yake. Ya za mu yi?

Gaskiya ne. Maza sun fita gona tun da duku-duku, mata na fama da abincin masu aiki, ga surfe ga daka. Da kaka ga roron wake, ga cirar gyaɗa, ga riɗi da zoɓo a ƙasar Gumel da Maigatari. A Kura da Bunkure da Garun Malam kuwa noman rani bai bar wani lokacin hutu ba. Ba wanda zai ce a ajiye wannan don yaro.

Abin da za a iya shi ne kada a riƙa jefa shi hannu-hannu. In yayarsa ce ke goyonsa da hantsi, ta zama ita ce kullum. In kakarsa ce, haka. Amma 'yar shekara 7 ba ta isa a bar mata yaro ba babba a kusa ba, musamman inda akwai rijiya, kududdufi ko murhu.

Abinci ne ya fi shan wahala a wannan lokacin. Daga wata 6 zuwa 8, bayan nono, yaro na buƙatar ci sau 2 zuwa 3 a yini. Daga wata 9 zuwa 23, sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Cikinsa ƙarami ne, ba zai iya jiran a sauke tukunyar 'yan gona ba. A ajiye masa kunun gyaɗa ko ɗan wake a rufe, kuma a zuba masa a kwanonsa shi kaɗai. In aka haɗa shi da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sharce kwanon, ke kuma kina zaton ya ci.

Da damina ne kuma ake bi gida-gida ana raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, wata-wata. Na kwana 3 ne: masu rabawa su ba da na ranar farko, sauran biyun a bar wa uwa. Nan ake mantuwa. Ki haɗa shi da abin da ba ya wuce ki, kamar kokon safe.

Ni uba ne, kuma ci-rani nake tafiya. Ina da wani abin yi a nan?

Kana da shi, Malam, kuma ba kaɗan ba. Kwanakin da kake gida, ka ware abu ɗaya da ya zama naka da shi: ku zuba wa tumaki harawa tare da safe, ko ya zauna gefenka a zaure ka ɗiba masa daga tuwonka, ko kai ne mai tofa masa addu'ar barci. Ba zubar da girma ba ne. Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Yaran masu bin kasuwanni ma, tun ba su san sunayen ranaku ba, sun san ranar da Baba ke dawowa da tsaraba daga Maigatari ran Alhamis, ko Wudil ran Juma'a, ko Dambatta ran Lahadi.

In tafiya Legas ko Abuja ko Fatakwal ta zo, kada ka fice da asuba yana barci ba tare da an gaya masa ba. Ka yi masa sallama tun da dare, ka ce sai an fara ruwa, ko sai Salla. Ka sa ranar kira, misali kowace Juma'a bayan magariba, a ba shi wayar ko da numfashi kawai zai yi a ciki. Abin da ka saba yi da shi kuma wani ya riƙe, Kawu ko Baffa. Ranar da ka dawo yana iya ɓuya bayan uwarsa. Kada ka ji haushi, kada a tilasta shi. Ka koma zuba harawar nan, zai zo da ƙafarsa.

Gidanmu mata biyu ne, girki na juyawa. Ba zai rikita yara ba?

Juyawar girki ita ma tsari ce, kuma yara kan gane ta da wuri. Abin da ke rikita su shi ne doka ta riƙa sauyawa da mai girki: yau an ci da magariba, gobe sai an kai goma, wannan ɗaki an hana, wancan an bari. Ko ba a shiri sosai, a daidaita a kan lokacin abincin yara da wurin kwanansu. Yaro kuma ya san shimfiɗarsa ɗaya ce, ko girkin wa ake.

Lokacin yaye ya yi. A kai shi wajen kakarsa kamar yadda aka saba?

Nan ne nake ganin al'adarmu ta fi tsananta wa yaro ba da niyya ba. A rana ɗaya a shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauke shi a kai shi wani gida, wani lokaci wani gari. Ya rasa nono, ya rasa bayan da ake goya shi, ya rasa ɗakin da ya sani da muryar da ke sa shi barci, duk a tashi ɗaya. Shi ya sa wasu yaran ke dawowa daga yaye a rame, sun yi zuru-zuru, a ce ai yaye ne ya kama su. Yaron da ke cikin damuwa ba ya cin abinci, wanda ba ya ci kuma ciwo ba ya yi masa wuyar kamu.

Ba cewa ake a bar kai yaro wajen kaka ba. Kaka ta iya lallashi, ga wasan jika da ke tsakaninsu. A dai rarraba sauyin. A fara rage nonon rana, a maye shi da kunu da abinci, na dare ya zama na ƙarshen bari. Tun saura makonni a riƙa kai shi yini wajen kakar, ko ita ta zo, har ya saba cin abinci a hannunta. In zai tafi, ya tafi da ƙoƙonsa da zanin da ya saba, a kuma gaya wa kakar yadda ake kwantar da shi. In gida ɗaya kuke ko unguwa ɗaya, babu dalilin ɓoye masa uwarsa. Ta ci gaba da yi masa wanka da goyo.

Kada a yaye yaro yana ciwo ko yana farfaɗowa daga ciwo. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara 2 cikakku ga mai son cika shayarwa, likitoci ma shekara 2 ko fiye suke cewa. In kuma ciki ne ya shiga, nonon bai lalace ba, ba guba ya zama ba. A je awo a nemi shawara kafin a cire yaro a gigice.

Tun da na haihu, babban ya koma fitsarin kwance da maganar jarirai.

Ya ga an karɓe masa baya da cinya, ga ki kina wankan jego, gida cike da 'yan barka. Komawa baya irin wannan abu ne da aka saba gani, kuma yakan wuce. Duka da gori tsawaita shi suke yi. Ki riƙe masa abu ɗaya da kuka saba, ko tatsuniyar dare ce, ki yi masa ita ko jaririn na kan cinyarki. Ki sa shi miƙo miki majanyi ko sabulu. Fitsarin kwance kuwa, kafin shekara 5 ba a ɗaukar sa matsala.

Azumi da biki fa?

Kwana biyu na biki ba sa rushe abin da aka gina. In an dawo a koma yadda aka saba a daren farko. Azumi ne mai tsawo. Ƙaramin yaro ba ya azumi, don haka kada abincinsa na rana ya bi na manya ya ɓace. In hayaniyar sahur na tashinsa, a ƙara masa barcin rana.

Ambaliya ta tashe mu, muna zaune a makaranta. Wane tsari kuma ya rage?

Allah Ya mayar da alheri. Iyalai da yawa a yankunan Haɗeja da Ringim sun ga irin wannan a 2022. Ɗaki ya tafi, amma yawancin abin da yaro ya saba a jikinki yake: goyo, muryarki, bisimilla kafin ci, addu'ar barci, tatsuniyar nan tasa. Ki ware masa kusurwa ɗaya da tabarma ɗaya ta zama wurin kwanansa kullum. Ki ci gaba da shayarwa, don a irin wannan wuri ruwan sha ba shi da tabbas, gudawa kuma na yawo. In ya tambaya, ki gaya masa gaskiya daidai hankalinsa: ruwa ya shiga gida, muna nan tare, Baba na gyarawa. Zai iya mafarkin tsoro ko ya ƙara manne miki. A rage zancen asara a gabansa.

In na ba shi waya yana kallo yakan yi shiru har ya yi barci. Ba shi ke nan ba?

Shirun na gaske ne, amma hasken da motsin hoton na jinkirta barci, kuma ranar da ba caji za ki gane abin da kika saba masa. Ƙa'idar 2019 ɗin nan ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara 2 kallo, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ya fi. In za a yi kallon, a yi da rana, wani na zaune da shi.

Yaushe zan gane rigimar ba ta sauyin tsari ba ce, ciwo ne?

In akwai zazzaɓi, ko ya ƙi nono da ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko jijjiga, ko numfashi da sauri, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko gudawa har ido ya faɗa, ko ƙafafu sun kumbura, wannan ba batun lallashi ba ne. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ko da dare ne. Haka in rama ta ci gaba bayan yaye, ko ya kai shekara 2 ba ya faɗin kalma ko ɗaya, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya daina abin da ya riga ya iya. A nuna shi ga ma'aikacin lafiya.

Sannan kada a sayi maganin mura ko na tari a kemis a ɗura wa yaro don ya yi barci, kada kuma a ba shi jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Wasu daga cikin magungunan nan na iya danne numfashin ƙaramin yaro, kuma suna ɓoye alamar ciwon da ya kamata a gani da wuri. In kin kai shi asibiti, ki tafi da katinsa na rigakafi da duk maganin da aka riga aka ba shi a gida.